Yarjejeniyar Hitila da Stalin ta 1939: Kariyar Kai ko Haɗin Baki?

A daren 23 ga Agusta 1939, a fadar Kremlin da ke Mosko, ministan harkokin wajen Jamus, Joachim von Ribbentrop, da takwaransa na Tarayyar Sobiyet, Vyacheslav Molotov, suka sa hannu a kan wata takarda mai sassa bakwai. Shugaban Sobiyet, Stalin, na tsaye a bayansu, fuska a sake, kamar yadda hotunan daren suka nuna. Ƙasashen biyu sun ɗauki alkawarin ba za su kai wa juna hari ba har tsawon shekara goma. Washegari duniya ta tashi baki buɗe, domin kowa ya san 'yan Nazi da 'yan kwaminis ba sa ga maciji. Tun 1933 Hitila yake cika sansanoninsa da 'yan kwaminis na Jamus, kuma a yaƙin basasar Sifen da aka gama 'yan watanni kafin nan, jiragen Jamus suna ɓangare ɗaya, tankokin Sobiyet suna ɗaya ɓangaren. Kwana tara da sa hannun, ranar 1 ga Satumba, sojojin Jamus suka afka wa Polan, aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suka fi sani da yaƙin Hitila.

Tun daga lokacin ake ta jayayya. Wasu na cewa Stalin kare ƙasarsa kawai ya yi, ya nemi sararin shiri, kuma takarda irin wannan ƙasashe da yawa sun riga shi yin ta da Hitila. Wasu kuma na cewa haɗin baki ne ƙarara, wanda ya buɗe ƙofar yaƙin. Ni ina tare da masu cewa haɗin kai ne, amma ba don dalilin da aka fi saurin kawowa ba, wai kwaminisanci da aƙidar Nazi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ba sai an je nan ba. Hujjar tana cikin abin da aka rubuta a ɓoye a wannan dare, da abin da hannaye suka aikata a wata ashirin da biyu da suka biyo baya.

Da a ce takardar da aka buga a jaridu ita ce iyakar abin da aka yi, da masu kare Stalin sun ci gardamar. Yarjejeniyar rashin kai wa juna hari abu ne da aka saba da shi a Turai ta wancan zamani. Polan kanta ta yi irinta da Jamus a Janairun 1934. Denmark ta yi a watan Mayun 1939, Estoniya da Latbiya suka yi a watan Yuni. Ingila ta ƙulla yarjejeniyar jiragen ruwan yaƙi da Hitila a 1935. Ita ma Sobiyet tana da irin waɗannan takardu da Polan da Finlan tun 1932. Wanda ya ce ba zan doke ka ba, kai ma kada ka doke ni, bai zama abokin aikinka ba.

Sai dai ko a takardar fili ma akwai giɓin da mai lura zai gani. A yarjejeniyar Sobiyet da Polan ta 1932 an rubuta cewa in ɗaya daga cikinsu ya kai wa wata ƙasa hari, ɗayan yana da ikon warware alkawarin nan take. A ta 1939 babu wannan sharaɗi. Abin da aka rubuta shi ne in ɗayansu ya shiga yaƙi da wata ƙasa, ɗayan ba zai taimaki waccan ƙasar ba, ba tare da an tambayi wa ya fara ba. An kuma ce za ta fara aiki daga lokacin da aka sa hannu, ba sai an jira majalisa ba. Duk wanda ke bin labarai a watan Agustan nan ya san inda Hitila ya nufa, kuma ya san dalilin gaggawar. Sojojinsa suna jibge a bakin iyakar Polan, yana so ya gama kafin ruwan kaka ya ɓata hanyoyi.

Sannan ga takarda ta biyu, wadda ba a buga ba. A cikinta aka raba Gabashin Turai. Finlan da Estoniya da Latbiya suka faɗa rabon Sobiyet, Lituweniya ta faɗa rabon Jamus. Aka ce in an sake fasalin Polan, iyakar ɓangarorin biyu za ta bi kogunan Narew da Vistula da San, batun ko za a bar wata ƙasa mai suna Polan kuwa, sai yadda hali ya yi, za su daidaita a tsakaninsu cikin lumana. Game da Besarabiya, wadda ke hannun Romaniya, Sobiyet ta ce tana da sha'awa, Jamus ta ce ba ruwanta. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da aka tambaya. Maƙwabta biyu da suka yi rantsuwar ba za su shiga gonar juna ba sun yi abin kirki. Amma in a zaman nan suka ɗauko igiya suka auna gonar marayun da ke tsakaninsu, suka kafa turaku, to abin da ya haɗa su ya wuce zaman lafiya.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a saurari masu kare Stalin da kunnen basira, domin abin da suke faɗa game da yadda aka kai ga wannan dare yawancinsa gaskiya ne. Shekaru da dama Maxim Litvinov, ministan wajen Sobiyet kafin Molotov, yana roƙon Ingila da Faransa a haɗa kai a taka wa Hitila burki, ba a saurare shi ba. A ƙarshen Satumban 1938, a birnin Munich, Chamberlain na Ingila da Daladier na Faransa suka zauna da Hitila da Mussolini na Italiya, suka yanka masa yankin Sudeten daga jikin Cekoslobakiya. Ba a gayyaci Sobiyet ba, su kansu masu ƙasar ba a ba su kujera a teburin ba. Polan ma ta miƙa hannu ta ɗauki yankin Teschen daga ƙasar da ake fiɗa. Wata shida bai cika ba Hitila ya shiga Prague ya haɗiye sauran. Mutumin da ke zaune a Mosko yana kallon wannan, ba sai ya zama mai yawan zargi ba kafin ya ce Turawan Yamma suna so ne su karkata Hitila gabas, su koma gefe suna kallo.

Ko da aka fara maganar ƙawance a bazarar 1939, Landan da Faris ba su nuna abin ya dame su ba. Tawagar hafsoshin da suka aika Mosko ta hau jirgin ruwa mai tafiyar hawainiya, ta yi kusan mako guda a hanya, kuma shugaban ɓangaren Ingila, Admiral Drax, ya iso ba shi da rubutacciyar takardar ikon ƙulla komai. Da Marshal Voroshilov na Sobiyet ya yi musu tambayar da ita ce cibiyar maganar, ko Polan da Romaniya za su bar sojojin Sobiyet su ratsa ƙasarsu don su tari Jamus, ba su da amsa. Polan ta ƙi, kuma tana da dalilinta, domin ta san baƙon da zai shiga da tankoki ba lalle ne ya fita ba. A daidai wannan lokaci sojojin Sobiyet suna gwabzawa da na Japan a Khalkhin Gol, a iyakar Mongoliya, ga shi Stalin da hannunsa ya karkashe manyan hafsoshinsa a 1937 da 1938. Tsoron yaƙi ta gabas da yamma a lokaci guda tsoro ne na gaske.

Duk wannan na karɓa. Amma amsar wata tambaya ce daban. Yana gaya mana abin da ya kai Stalin ga teburin, bai gaya mana abin da ya yi da ya zauna ba. Mutum na iya haɗa kai da mugu don tsoro, ko don kwaɗayi, ko don duka biyun, kuma dalilin na iya rage masa laifi ko ya ƙara, amma ba ya mai da aikin ya zama ba a yi ba. Cin amanar da aka yi a Munich abin kunya ne da ba zai wanku ba, kuma laifin wani ba ya wanke na wani. Akwai ma bambanci a tsakani da ba za a tsallake ba: Chamberlain ya ba da ƙasar da ba tasa ba don ya guje wa yaƙi, bai koma gida da ko taƙi ɗaya na Cekoslobakiya ba. Stalin ya koma da rabin Polan.

Yanzu a duba abin da ya faru. Tun ranar 3 ga Satumba Ribbentrop ya fara aiko wa Mosko saƙo cewa lokaci ya yi da za su shigo su karɓi rabonsu. Molotov ya ja ƙafa, ya gaya wa jakadan Jamus, Schulenburg, cewa suna buƙatar hujjar da za su faɗa wa duniya, kuma hujjar da suka zaɓa ita ce kare 'yan Ukraine da 'yan Belarus da ke gabashin Polan. Sai da aka tsayar da wuta da Japan, sannan ranar 17 ga Satumba sojojin Sobiyet suka ƙetara iyaka, ba tare da shelar yaƙi ba, alhali yarjejeniyarsu ta 1932 da Polan tana nan da ranta. An ce wai ƙasar Polan ta riga ta rushe, babu wanda za a yi wa shela. A ranar kuwa Warsaw na ci gaba da faɗa, kuma ba ta miƙa wuya ba sai bayan kwana goma. Shirin hafsoshin Polan shi ne su ja da baya zuwa kusurwar kudu maso gabas, kusa da Romaniya, su ja daga a can har Faransa ta motsa. Ta wannan kusurwar ce aka shigo musu. A daren nan gwamnatinsu ta tsallaka Romaniya.

Ranar 22 ga Satumba, a garin Brest-Litovsk, wanda Jamus ta ci amma ya faɗa rabon Sobiyet, Janar Guderian na Jamus da kwamandan tankokin Sobiyet, Krivoshein, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan wani ɗan dandamalin katako, sojoji na wucewa a gabansu, aka sauke tutar Nazi aka miƙa garin. Hotunan suna nan. Wasu na gardama cewa bikin miƙa gari ne kawai, ba faretin nasara ba. Ko da an yarda da haka, sai a tambaya: wace ƙasa ce 'yar ba-ruwanmu ake miƙa wa garin da aka ci da yaƙi?

Mako guda bai cika ba Ribbentrop ya koma Mosko. Ranar 28 ga Satumba aka sa hannu a kan sabuwar takarda, kuma sunanta kaɗai ya isa shaida, domin yarjejeniyar iyaka da abota aka kira ta. Aka yi musaya: Stalin ya bar wa Jamus yankin Lublin da wani sashe na lardin Warsaw, ya karɓi Lituweniya. Aka shimfiɗa taswira aka ja layi, Stalin ya rattaba mata hannu da shuɗin fensir, baƙaƙe manya-manya. Aka ƙara wani sharaɗin sirri cewa kowane ɓangare zai murƙushe duk wani yunƙurin 'yan Polan da zai taɓa yankin ɗayan, kuma za su riƙa sanar da juna matakan da suka ɗauka. Suka kuma fitar da sanarwa tare cewa in yaƙi ya ci gaba, alhakin na wuyan Ingila da Faransa. Wata guda bayan haka, a gaban majalisar ƙoli ta Sobiyet, Molotov ya yi alfaharin cewa duka ɗaya daga sojan Jamus, sannan ɗaya daga sojan Sobiyet, ya wadatar wajen shafe Polan. Shi da bakinsa ya jera dukan biyu a matsayin aiki guda.

Akwai hujjar da ake kawowa a nan, kuma tana da nauyi. Yankunan da Sobiyet ta karɓa, mafi yawan mazauna karkararsu 'yan Ukraine ne da 'yan Belarus, kuma Polan ta same su ne a yarjejeniyar Riga ta 1921 bayan ta yi galaba a yaƙinta da Sobiyet. Churchill na Ingila kansa, a jawabinsa na rediyo ranar 1 ga Oktoba 1939, ya ce tsayuwar sojojin Rasha a kan wannan layi dole ce don tsaron ƙasarsu. Haka ne. Amma a duba abin da mai ceton ya yi da waɗanda ya ceta. Tsakanin Fabrairun 1940 da Yunin 1941 an kwashe mutane fiye da dubu ɗari uku daga waɗannan yankuna a taragon dabbobi zuwa Saiberiya da Kazakistan. Ranar 5 ga Maris 1940 Stalin da 'yan majalisarsa suka sa hannu a kan umarnin kashe fursunonin Polan, hafsoshi da 'yan sanda da malamai da likitoci da lauyoyi, kimanin mutum dubu ashirin da biyu, waɗanda aka harbe a dajin Katyn da wasu wurare. Ba Jamus ce ta sa shi ba, nufinsa ne na kansa. Amma a watannin nan ne su ma 'yan Nazi suke kwasar masu ilimin Polan a nasu ɓangaren suna harbewa a dajin Palmiry. Ƙasa ɗaya ake sare wa kai ta gefe biyu, kuma takardar 23 ga Agusta ce ta ba kowannensu wuƙa da nama.

Sauran rabon ma an karɓe shi bi da bi. Finlan ta ƙi ba da abin da aka nema, aka kai mata hari ranar 30 ga Nuwamba 1939, har aka kori Sobiyet daga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci. Jamus ta yi gum kamar yadda aka shirya. A Yunin 1940, duniya na kallon faɗuwar Faris, sojojin Sobiyet suka mamaye Lituweniya da Latbiya da Estoniya, suka karɓe Besarabiya, suka haɗa da arewacin Bukovina wadda ko a takardar sirrin ba a ambata ba.

Inda na fi ganin maganar kariyar kai ta gaza shi ne wajen ciniki. Babban raunin Jamus a yaƙi shi ne ba ta da mai, ba ta da roba, abincinta ba ya isarta. A Yaƙin Duniya na Farko jiragen ruwan Ingila sun datse mata hanyar teku har yunwa ta durƙusar da ita, kuma da wannan dabarar Ingila ta sake shiga yaƙi a 1939. Ƙofar gabas ce ta karya dabarar. An fara da yarjejeniyar bashi ranar 19 ga Agusta 1939, kwana huɗu kafin ta rashin kai hari, sannan aka ƙulla mai girma ranar 11 ga Fabrairu 1940, aka ƙara wata a Janairun 1941. Kafin zaman ya watse, Sobiyet ta aika wa Jamus hatsi fiye da tan miliyan ɗaya da rabi, da man fetur kusan tan dubu ɗari tara, ban da auduga da katako da ma'adinan da ake haɗa ƙarfen yaƙi da su. Robar da Jamus ke saye daga Gabas Mai Nisa ta layin dogon Saiberiya take biyowa. Ita kuma Jamus ta biya da injunan masana'antu da kwal da samfurin jiragen sama na yaƙi, har da wani babban jirgin ruwan yaƙi da ba a gama ƙerawa ba, mai suna Lützow.

Za a ce ai Suwidin ma ta sayar wa Jamus tama, Suwizalan ma ta yi hulɗa da ita, ba a kira su abokan Hitila ba. Gaskiya ne ciniki shi kaɗai ba ya tabbatar da haɗin baki. Amma Suwidin ba ta ba sojan ruwan Jamus mafaka a gaɓar teku kusa da Murmansk ba, kamar yadda Sobiyet ta yi a ƙarshen 1939, ko da yake Jamus ba ta more ta sosai ba tun da ta ci Norway ba da jimawa ba. Kuma a watan Agustan 1940 jiragen Sobiyet masu fasa ƙanƙara, har da wanda aka sa wa sunan Stalin, su ne suka share wa jirgin farautar Jamus mai suna Komet hanya ta tekun arewa, ya ɓulla tekun Fasifik ya shiga nutsar da jiragen kasuwanci. Wannan taimakon soja ne ga ɓangare ɗaya a tsakiyar yaƙi.

Babbar kyautar ma ba a auna ta da tan. Hitila ya samu kwanciyar hankali a bayansa. A watan Mayun 1940 ya bar rundunoni kaɗan a gabas, ya juya da ƙarfinsa yamma, cikin mako shida Faransa ta faɗi, Molotov kuwa ya kira jakadan Jamus ya taya shi murna. Har ƙasarmu girgizar ta iso, domin Nijar ta koma ƙarƙashin gwamnatin Vichy ta Faransa mai biyayya ga Jamus, Nijeriya na hannun Ingila, iyakar Katsina da Maraɗi ta zama iyakar gwamnatoci biyu masu zaman doya da manja.

Akwai wata mata da labarinta ya fi kowace ƙididdiga ratsa ni. Margarete Buber-Neumann Bajamushiya ce 'yar kwaminis. Ita da mijinta, Heinz Neumann, ɗaya daga cikin jagororin jam'iyyar a Jamus, sun sami mafaka a Mosko. A 1937 aka kama mijin aka harbe. A 1938 aka kama ta, aka tura ta sansanin aikin dole a Karaganda. A Fabrairun 1940 aka ɗebo ta tare da wasu fursunoni Jamusawa da 'yan Ostiriya, aka kai su gadar jirgin ƙasa da ke kan kogin Bug a Brest-Litovsk. Jami'in 'yan sandan sirrin Sobiyet ya sara wa jami'in Nazi, aka karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, aka tsallakar da su. A cikinsu akwai Yahudawa, akwai waɗanda suka gudo daga hannun Gestapo, 'yan sandan sirrin Nazi, tun farko. Ta yi kusan shekara biyar a sansanin mata na Ravensbrück, ta fita da rai a 1945. Ɗaruruwa aka miƙa ta wannan hanya. Babu wata barazanar yaƙi da ta tilasta wa Stalin yin haka, kuma ba ranar shiri ko ɗaya da ya ƙaru da ita.

Jam'iyyun kwaminis na duniya ma an juya musu linzami. Waɗanda jiya-jiya suke kira a haɗu a yaƙi 'yan Nazi, sai umarni ya zo daga Mosko a Satumban 1939 cewa wannan yaƙin 'yan mulkin mallaka ne, ba ruwan ma'aikata da shi. Harry Pollitt, sakataren jam'iyyar a Ingila, da ya nuna goyon bayan yaƙar Hitila, sai da ya sauka daga kujerarsa. Maurice Thorez na Faransa ya tsere daga aikin soja ya nufi Mosko. Dubban 'yan jam'iyya a ƙasashe da dama suka fice don baƙin ciki, kuma ina ganin mutuncinsu ya cancanci a tuna da shi, domin su ne suka fara gane abin da takardar take nufi.

To, shin ƙawance ne na ƙut da ƙut, kamar na Jamus da Italiya? A'a, kuma masu cewa haka sun wuce gona da iri. Babu rundunar haɗin gwiwa, babu shirin yaƙi guda, sojan Sobiyet bai harbi na Ingila ko na Faransa ba. Kowa ta ciki na ciki. In Jamus ta yi jinkirin biya, Mosko na rage kaya. Amma a san cewa an kusa. A tsakiyar Nuwamban 1940 Molotov ya je Berlin ya zauna da Hitila, aka tayar da maganar Sobiyet ta shiga ƙawancen Jamus da Italiya da Japan. Ranar 25 ga watan Mosko ta aika da amsa a rubuce cewa a shirye take, bisa sharuɗɗa: Jamus ta janye sojojinta daga Finlan, a bar wa Sobiyet Bulgariya, a ba ta sansani a mashigin ruwan Turkiyya, a amince da burinta a kudu da Baku wajen tekun Fasha, Japan kuma ta bar haƙar mai da kwal a arewacin Sakhalin. Berlin ba ta amsa ba. Ranar 18 ga Disamba Hitila ya sa hannu a kan umarnin shirya mamayar Sobiyet. Ke nan ba ƙyamar aƙida ce ta hana Stalin shiga ba, farashin ne ya yi wa Hitila tsada, kuma dama zuciyarsa na kan ƙasar Rasha tun fil azal.

Sararin shirin da ake cewa an samu kuma, a auna shi. An ƙara yawan soja, an fara ƙera sababbin tankoki, iyaka ta matsa yamma, wannan duk gaskiya ne. Amma shi ma Hitila ya samu wata ashirin da biyun nan, kuma ya fi cin moriyarsu: ya ci Faransa da Norway da Holan da Beljiyam da Yugoslabiya da Girka, ya haɗa masana'antunsu da nasa. A 1939 akwai sojan Faransa a bayansa. A 1941 babu. Finlan da Romaniya, waɗanda Stalin ya yi wa ƙwace, suka shiga yaƙin a gefen Jamus. Jiragen ƙasa ɗauke da hatsi da mai suna ta tsallaka iyaka har zuwa sa'o'in ƙarshe kafin asubahin 22 ga Yuni 1941, kuma ƙasar da aka samu ta hanyar yarjejeniyar ta suɓuce cikin 'yan makonni. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Faɗin wannan ba ya rage komai daga abin da mutanen Sobiyet suka yi bayan haka. Kimanin mutum miliyan ashirin da bakwai suka rasa, kuma a hannunsu mafi yawan sojojin Hitila suka hallaka, daga Stalingrad zuwa Kursk har Berlin. Duk wanda ya ƙi jinin mulkin Nazi yana da bashinsu a wuyansa. Amma manomin da ya mutu a ramin daga a 1942 ba shi ya sa hannu a 1939 ba, kuma babu adalci a ɗauki jininsa a rufe sa hannun Stalin da shi. Shi ma cikin waɗanda yarjejeniyar ta cuta yake.

Shugabannin Sobiyet sun fi kowa sanin nauyin abin, shi ya sa suka yi shekara hamsin suna rantsuwar babu wata takardar sirri. An tayar da maganar a shari'ar manyan 'yan Nazi da aka yi a Nuremberg a 1946, aka danne. Amurka ta buga kwafin da aka samu a takardun Jamus a 1948, Mosko ta ce ƙarya ce. Molotov ya mutu a 1986 bai amsa ba. Ranar 23 ga Agusta 1989, ranar cika shekara hamsin, mutane kusan miliyan biyu suka riƙe hannun juna daga Tallinn ta Estoniya zuwa Riga ta Latbiya zuwa Vilnius ta Lituweniya, tafiyar fiye da kilomita ɗari shida, suna neman a faɗi gaskiya. Ranar 24 ga Disamba na shekarar, majalisar wakilan jama'ar Sobiyet, bayan rahoton kwamitin Alexander Yakovlev, ta amsa cewa takardar sirrin gaskiya ce, ta yi tir da ita, ta ce ba ta da halasci tun ranar da aka sa mata hannu. A 1992 aka fito da ainihin kwafin daga ma'ajiyar Kremlin. Yau iska ta sake juyawa a Mosko: shugaban Rasha, Putin, wanda a 2009 ya kira yarjejeniyar rashin ɗa'a, daga baya ya koma kare ta, yana nuna Munich da yatsa. Wasu a Yamma kuma suna son a yi ta maganar Mosko don a manta da Munich. Mai karatu kada ya yarda wani daga cikinsu ya zaɓa masa rabin tarihin.

Hukuncina shi ne: alkawarin rashin kai hari shi kaɗai ba haɗin kai ba ne, kuma da a nan Stalin ya tsaya da ba shi da laifin da ya wuce na sauran. Bai tsaya ba. Ya raba ƙasashen mutane da Hitila a rubuce, ya shiga ya karɓi rabonsa da soja, ya ciyar da injin yaƙin Jamus, ya miƙa mata fursunoni, ya nemi shiga ƙawancenta. Daga 23 ga Agusta 1939 zuwa 22 ga Yuni 1941 Tarayyar Sobiyet ta haɗa kai da Jamus ta 'yan Nazi, kuma Hitila ne ya warware haɗin, ba Stalin ba.